Ƙusar Maigida da Likkafanin Hajiya

Gidanmu shi ne na ƙarshe a layin wutar unguwarmu a Kazaure. Daga turken da ke ƙofar gidanmu babu wani turke, sai duwatsu da awakin da ke hawansu. Kafin wuta ta taso daga taransufoma, ta bi gida-gida ta iso gare mu, ta riga ta gaji, sai ta shigo tana jan ƙafa. Ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashin da aka manta a murhu, fanka kuwa ta riƙa juyawa a hankali har kana ganin fukafukanta ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka in aka kawo ta yaran unguwa sai sun yi ihu, mu manya mu yi hamdala, tunda an koya mana godiya tun muna ƙanana.

Maigidana ma'aikaci ne a sashen gona na ƙaramar hukuma. Aikinsa rabon taki da ba manoma shawarar da ba su nema ba. Amma in ka tambaye shi ainihin baiwar da Allah ya yi masa, zai ce maka wuta ce. Bai taɓa zama ajin da aka koyar da ita ba, sai dai yana da tasta, abin gwada wuta, a aljihun gaba kusa da biro, yana kuma da wata filaya mai jan hannu wadda ba wanda ya isa ya taɓa ta a gidan. Ni kuwa kimiyya nake koyarwa a makarantar 'yan mata, har da darasin lantarki, amma ilimina a bakin zaure yake tuɓe takalmi ya jira ni. Duk sa'ad da na sa baki sai ya ce wutar allo daban, wutar gida daban.

Hajiya, mahaifiyarsa, ta dawo wurinmu daga ƙauyensu na ƙasar Gwiwa bayan rasuwar mahaifinsa. Shi ne ɗanta na fari, kuma ita irin tsofaffin nan ce da suka riƙe alkunya da hannu biyu. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ya durƙusa gaishe ta, bango take amsa wa. In tana da buƙata, ko yana tsaye a tsakar gida, ni za ta kira ta ce in gaya wa mai gidan nan kaza. Ni ce wayar da ke tsakaninsu, kuma duk saƙon da bai yi masa daɗi ba sai ya ce ni na ƙara masa gishiri.

Kayan da Hajiya ta zo da su ba su da yawa, amma akwai guda ɗaya da ba ta yarda ɗan acaɓa ya ɗaure a bayan babur ba, a cinyarta ya iso. Likkafaninta ne. Farin alawayyo ne da ta saya a Makka shekarar da ta sauke farali, ta tsoma shi a zamzam da hannunta, ta shanya shi a can ya bushe. Ta sayar da shanun gadonta kafin ta samu wannan tafiya, kuma ta san ba za ta sake yin wata ba. Wani malamin unguwa ya taɓa aiko mata cewa tsoma likkafani a zamzam ba shi da asali. Ta ce a gaya masa ta gode, idan nasa ya tashi ya tsoma shi a ruwan rijiya. Ba ta da wani buri da ya rage a duniya sai a naɗe ta a cikin wannan ƙyalle, kuma kowa a gidan ya san haka, har yara. Saboda gara ba ta ajiye shi ƙasa ba. Ta ƙunshe shi a jakar yadi ta ɗora a saman kabad, dab da silin.

Da bazara ta kama, maigida ya ga bai dace a ce mahaifiyar mutum irinsa tana fifita da mafici ba. Ya sayo fanka, ya jawo waya daga ɗakinmu ta cikin silin, ya bi da ita daidai saman kabad ɗin, ya ɗaura. Ya kira yara su zo su ga aiki. Hajiya tana zaune a tabarma a waje tana jan carbi, sai da ya gama ya wanke hannu sannan ta kira ni.

"Malama, ki ce wa mai gidan nan na gode, amma ya cire igiyar wutar nan daga kan likkafanina."

Yana tsaye a wurin, ya ji da kunnensa. Duk da haka sai da na juya na maimaita masa, don haka tsarin yake. Ya yi murmushin masana, ya ce in gaya mata wuta a cikin roba take, ba ta fitowa. Na gaya mata. Ta ce wa bango ita dai ba ta taɓa ganin wutar da aka ɗaure ta zauna ba.

Na ba ta shawara ta kawo jakar in ajiye mata a ɗakina. Ta dube ni kamar na yi saɓo, ta ce likkafani ba ya kwana a ɗakin masu haihuwa, inda mai shi yake kwana nan yake kwana. Na ce to a matsar da kabad ɗin. Ɗakin ɗan ƙarami ne, duk inda aka kai shi dai silin ɗin nan ne a kansa. Haka muka bar maganar, fanka tana juyawa, Hajiya tana ƙarƙashinta tana fifita da maficinta.

Damina ta wuce, ɓeraye suka tare a silin ɗin gidan suka hayayyafa. Daga nan fiyus ya fara yankewa.

Ga wanda bai san irin namu ba, fiyus ɗin wani farin abu ne na tangaran a jikin bangon zaure kusa da mita, wanda ake zarowa a mayar. A cikinsa akwai siririyar waya guda ɗaya. Duk wutar da za ta shiga gida sai ta bi ta cikinta, in ta yi yawa wayar ta narke, gida ya yi duhu. Namu sai ya zama ba ya yankewa sai an kunna fankar Hajiya ta ɗan jima tana girgiza silin. A ji 'yar ƙara a sama, a ji wata a zaure, shi ke nan.

Maigida ya ɗauki abin a matsayin raini. A ganinsa fiyus ɗin rago ne, irin kayan zamani marasa ƙwari. Ya feɗe tsohuwar waya, ya zaro silin tagulla biyu ya murɗa su wuri guda ya ɗaura. Suka yi 'yan kwanaki suka narke. Ya ƙara na uku da na huɗu. Kafin wata ya ƙare abin da ke cikin fiyus ɗinmu ya zama kitso, har ina tunanin in roƙe shi ya riƙa yi wa 'yan matan gidan, tunda hannunsa ya faɗa. Duk ranar da ya ƙara sili sai ya shigo yana karkaɗe hannu ya ce yanzu kam ya yi maganinsa.

Na zaunar da shi wata ranar Asabar bayan ya ci ya ƙoshi, lokacin da ake samun kansa. Na ce masa ruwa ba ya tsami banza. Gida irin namu, in an kunna komai da komai, abin da yake ja a ma'aunin wuta bai wuce amfiya 'yan gomomi ba. Amma in waya mai wuta ta taɓa 'yar'uwarta kai tsaye, babu fanka babu ƙwai a tsakaninsu, to wuta ta samu hanyar banza, sai ta kwararo ɗaruruwa, a gidan da ke gindin taransufoma ma har dubbai. Da gangan aka yi wayar fiyus siririya, don ta zama ita ce mafi rauni a gidan, ta mutu kafin wayar cikin silin ta yi zafi. Na ce yankewar da yake yi ba lalaci ba ne, aikinsa yake yi, yana gaya mana akwai inda ɓera ya feɗe waya a saman ɗakin Hajiya. Abin da ya kamata shi ne a hau a duba.

Ya saurare ni har ƙarshe, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Sannan ya ce in dai dubbai ne, to ina ruwanmu, mu da wutarmu ko dutsen guga ba ta iya ɗaukar wa zafi. Wutar da ba ta iya gasa riga ce za ta ci gida?

Na ce ai nan ne matsalar take. Mutanen gindin taransufoma ko me suka cusa a fiyus, in waya ta haɗu, ƙarfin da zai zo zai fasa shi nan take, su tsira da tsoro kawai. Mu da ke ƙarshen layi, abin da zai kwararo mana ba zai kai ya narkar da kitsonsa ba in ya ci gaba da ƙara masa kauri, amma ya isa ya dafa siririyar wayar da ya ja a cikin silin, a hankali, har robarta ta kama. Ya ce wannan bayani ya yi kyau ƙwarai, in tabbata na yi wa 'yan aji uku kafin jarrabawa.

Don ya rufe bakina, sai ya kira mai gyaran wutar unguwa, wani abokin hirarsa da suke zama a dakalin masallaci. Mutumin ya zo da jakarsa, ya zaro fiyus ya juya shi, ya yaba kitson. Silin kuwa ya ɗaga kai ya dube shi daga tsakar gida, ya ce da wannan zafin ba mai shiga can sai wanda ya gaji da duniya. Ya ce duk gidajen da yake gyara daga nan har Roni haka ake yi, shi kansa a gidansa ƙusa ya sa, kuma shekara da shekaru ko sau ɗaya wuta ba ta yanke masa ba sai in masu ita sun ɗauke. Ya sha ruwan sanyi ya tafi. Maigida ya raka shi har bakin titi, ya dawo fuskarsa tana haske irin na wanda aka yi wa wahayi.

Washegari ya samo ƙusa doguwa a wurin kafinta, ya lanƙwasa ta da filayarsa, ya cusa ta inda wayar take. Tun daga ranar fiyus ɗin gidanmu bai ƙara yankewa ba. Maƙwabta suka riƙa zuwa ganin fasaha, wasu har da tambayar inci nawa ce.

Hajiya ba ta san amfiya ba, amma tana da hanci. Ta kira ni ta ce in gaya wa mai gidan nan tana jin ƙaurin roba a ɗakinta duk sa'ad da aka kawo wuta. Na gaya masa. Ya ce ƙaurin daga bolar bayan gida ne, kuma ya san wannan saƙon ba daga Hajiya ya fito ba, daga littafin kimiyya ya fito. Na ce ga ta can zaune, ya je ya tambaye ta. Ya san ba za ta amsa masa ba, ni ma na sani. Raina ya ɓaci ranar sosai, har na ƙi yi masa magana sai da dare ya yi. Abin da na iya yi shi ne na riƙa kashe makunnin fankar duk lokacin da na wuce. Shi kuma duk lokacin da ya wuce sai ya kunna, don kada a ce ya bar mahaifiyarsa cikin zafi. Mun daɗe muna wannan ibada, kowa da niyyarsa.

Ranar da abin ya faru bazara ta sake zagayowa. An kwana biyu babu wuta, kowane makunni a gidan a kunne yake, kamar yadda ake bari don a san lokacin da aka kawo. Bayan azahar na raka Hajiya barkar haihuwa a gida na uku daga namu. Muna zaune ana miƙa mana jaririya sai muka ji ihun yara na an kawo wuta. Ba a jima ba muka ji wani ihun, wanda ba irin wancan ba ne.

Kafin mu iso hayaƙi baƙi yana fita ta ƙarƙashin kwanon ɗakin Hajiya. Maigida yana zaure da rediyonsa lokacin da abin ya fara, a ƙarƙashin fiyus ɗin, kuma ya rantse bai ji ko ƙyas ba. Gaskiya ya faɗa, ƙusa ba ta ƙara. Maza suka taru da bokitai da yashi, wani yana cewa a zuba ruwa, wani yana cewa kada a zuba akwai wuta a jiki. Shi kuwa ya kai hannu zai zare fiyus ɗin, tangaran ɗin ya ƙona masa yatsu ya saki. Ana cikin neman tsumma sai masu wuta suka ɗauke abarsu kamar yadda suka saba, ba don sun san abin da ake ciki ba. A iya zamana a Kazaure wannan ce rana ɗaya da ɗauke wuta ya yi wa wani amfani. Da haka aka samu aka kashe gobarar kafin ta tsallaka ɗakinmu.

Silin ɗin ɗakin ya rufto gaba ɗaya. Katifa ta tafi, kabad ya zama gawayi daga sama zuwa rabi. Babu wanda ya ji ciwo sai yatsun maigida. Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa, baƙin ruwa yana bin ƙafafunta, tana kallon inda jakar take a da. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati da ƙarfi ba. Ni ce na yi kukan, don na san abin da take kallo.

A zaure kuwa 'yan jaje sun cika. Da fiyus ɗin ya huce aka zaro shi, sai ga ƙusa lafiya lau, ta ɗan yi baƙi kawai. Aka riƙa miƙa ta hannu-hannu. Mai gyaran wuta ya ce ka ga ƙarfe na asali, irin wannan yanzu ba a samunsa. Wani dattijo ya ce ƙaddara ta riga fata, kowa ya ce haka ne. Ɓera ma an ambace shi an tsine masa. Ban ji wanda ya tambayi dalilin da ya sa aka ga ƙusa a cikin fiyus ba, tunda rabin masu jajen akwai irinta a zaurukansu.

Da mutane suka ragu maigida ya shigo, hannunsa naɗe da tsumma, ya durƙusa nesa kaɗan da inda Hajiya take zaune a gindin bango. Ita kuwa ta juyo wajena.

"Malama, ki ce wa mai gidan nan sannu da ƙoƙari."

Wannan saƙon ban maimaita shi ba, shi ma bai jira in maimaita ba.

Cikin mako guda aka gyara ɗakin. Ya kira masu aikin waya daga cikin gari suka sake ta gaba ɗaya a cikin bututu, suka cire tangaran suka sa irin na zamani mai faɗuwa da kansa. Duk lokacin da ya faɗi yanzu, maigida da kansa yake bin ɗaki-ɗaki yana neman dalili, yana kuma yi wa maƙwabta wa'azi a kan haɗarin ƙusa, kai ka ce shi ya gano abin. Ɗakin Hajiya kuwa ba a sake kai masa waya ba. Wannan karon ba ta aike ni ba, shi ya hana.

Sannan ya shiga neman abin da zai maye gurbin wanda ya ƙone. Ya tafi har kasuwar Babura ya zaɓo alawayyo mafi tsada, ya bi gidajen alhazan da suka dawo a shekarar yana roƙon zamzam kofi-kofi har ya tara abin da zai jiƙa shi. Ya shanya a tsakar gida, ya zauna yana gadinsa kada kaza ta hau. Ya naɗe ya ba ni na kai mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta sa albarka, ta ajiye a gefen gado. Bayan 'yan watanni wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta rasu a unguwar, danginta suna ta kame-kame, sai Hajiya ta ɗauko shi ta aika musu. Na ce Hajiya, naki ne fa. Ta ce nata ya riga ya tafi, wannan na duk wanda ya riga ne.

Ya sake sayo wani, shi ma ta bayar. Daga nan ya gane, ya daina.

Ta yi shekaru kaɗan bayan haka, ta rasu da safe a ƙarshen wata damina, ba ta yi doguwar jinya ba. Likkafanin da aka kawo daga shagon bakin kasuwa aka yanko shi a gurguje, irin wanda ake yanka wa kowa. Ina cikin matan da suka yi mata wanka. Da muka zo kwance zanenta sai na ji ƙulli a haɓarsa, na ɗauka goro ne ko 'yan canji. Na kwance, sai ga ɗan ƙyalle bai kai tafin hannu ba, gefensa duk ya ƙone ya yi baƙi, tsakiyarsa kaɗai ta rage fara. Ban san lokacin da ta tono shi daga cikin toka ba, kuma duk wankin da na yi mata a shekarun nan ban taɓa cin karo da shi ba.

Na sa aka kira mini maigida bakin ƙofar zaure, na buɗe hannuna na nuna masa. Ya daɗe yana kallo. Ya kai yatsa zai taɓa, ya janye.

"Ki sa mata," ya ce.

Na koma ciki na ɗora mata shi a ƙirji, muka naɗe ta.